Rajistar Baƙi: Ina Suna Da Yatsu Ke Tafiya Bayan An Ɗauka?

Jajaye gunduma ce cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna, amma ba ta taɓa kan iyakar wata ƙasar waje ba. Saboda haka watakila mai karatu ya ce, me ya haɗa wuri irin wannan da maganar baƙi 'yan ƙasashen waje, balle na'urorin da ke ɗaukar bayaninsu? Abin da ya haɗa su ci-rani ne. Tun kaka da kakanni, in an kau da amfanin gona a Damagaram da Maraɗi da Tawa, samari su kan gangaro kudu neman abin kai wa gida, kuma ba dukansu ke tsayawa birnin Kano wajen ga-ruwa da gadi da sayar da shayi ba. Waɗansu su kan bi ƙauyuka inda a ke aikin fadama da saran rake, musamman tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992. Harshensu namu ne, kamarsu tamu ce, amma a takarda baƙi ne.

Dā, in baƙo ya sauka gari, mai masaukinsa ya kan kai shi gaban mai unguwa, a tambaye shi sunansa da na ubansa da garin da ya fito da abin da ya kawo shi. In ya daɗe har ya kafa bukka ya sami gona, malamin haraji ya sa shi cikin littafi. Tsofaffin ma'aikatan En'e sun san littafin nan sarai. Yana ajiye a ofis, wanda duk ke son dubawa sai ya tako da ƙafarsa, ya kuma nemi izini. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano cikin 1979, da yawa daga cikin littattafan kuwa gara da yoyon ruwa sun gama da su. Ba don yabon zamanin da ya shige mu ka kawo wannan ba, gama talakawa sun sha wuya ƙwarai a kan littafin nan. Abin lura shi ne yana da nauyi, ba ya tashi daga inda aka aje shi, sa'an nan in shekaru sun tura ya kan manta da mutum. Rajistar yau kuwa cikin ƙiftawar ido ta ke kaiwa Abuja, ana iya kwafe ta sau dubu ba wanda ya gani, ba ta kuma san mantuwa ba.

Bari mu duba ƙofofin da baƙo ke bi yanzu. Cikin Yuli 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe rajistar baƙi ta na'ura a hannun Hukumar Shige da Fice. Aka ce duk baƙon da ya kai shekara 18, wanda zai zauna fiye da kwana 90, ya je a ɗauki sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa da inda ya ke kwana, kyauta. Waɗanda ba su da takarda aka yi musu afuwar wata shida su fito ba tare da an hukunta su ba, masu gidajen haya da masu ɗaukar ma'aikata kuma aka ɗora musu nauyin ganin baƙinsu sun yi. Ban da wannan ga lambar NIN. Dokar 2007 da ta kafa Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, watau NIMC, ba 'yan ƙasa kaɗai ta ambata ba, har da baƙon da ya yi shekara biyu yana zaune bisa ƙa'ida. Cikin Disamba 2020 aka ce kowane layin waya a haɗa shi da NIN, cikin Afril 2022 aka hana miliyoyin layuka kira, cikin Disamba 2023 kuma Babban Banki ya ce asusu, ko na cikin waya ne, sai da BVN ko NIN. A waɗansu mashigai na kan iyaka, nan da Nijar, akwai kuma na'urar MIDAS ta Hukumar Ƙaura ta Duniya mai ɗaukar hoto da yatsu, wadda ƙasashen Turai su ka taimaka da kuɗin kafa ta, su da babbar damuwarsu ita ce kada matafiya su kai bakin Bahar Rum.

To, a ɗauka wani saurayi ya taso daga Tasawa ya sauka Jajaye aikin albasa. Ba ya iya zama ba waya, gama da ita zai ji lafiyar gyatumarsa, da ita kuma zai aika da kuɗi. Hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya miƙa yatsunsa, ko kuwa ya roƙi maigidansa ya yi masa rajistar layi da sunansa. Ta biyun nan mutane sun ɗauke ta taimako, alhali rami ce ga su duka biyu: in aka yi ɓarna da layin, ƙofar maigida za a buga, in kuwa kuɗin yaron su ka maƙale cikin asusun da ba sunansa, ba shi da bakin magana ko'ina.

Mu ba mu ƙin rajista. Ƙasar da ba ta san wanda ke cikinta ba tana cikin haɗari, mutanen da ke maƙwabtaka da dazuzzukan Katsina da Kaduna kuwa ba sai an yi musu dogon bayani a kan wannan ba. Baƙon kirki ma takarda garkuwa ce gare shi a gaban shingen hanya. Maganarmu a kan abin da ke biyo bayan rajista ne: abin da aka karɓa daga mutum domin wata bukata, wa ke da shi yanzu, har yaushe, kuma ya halatta a juya shi zuwa wata bukata dabam wadda ba a gaya masa ba?

Amsar da ofisoshi ke bayarwa kullum ita ce, ai mutum ya yarda, ga dangwalensa nan a takarda. Wannan amsa tana bukatar a auna ta, kuma akwai abin da ya faru a nesa wanda zai taimake mu. Cikin 2017 'yan ƙabilar Rohingya fiye da 700,000 su ka gudu daga Myanmar, ƙasar da tsofaffin sojojinmu su ka sani da sunan Bama, su ka shiga Bangaladesh saboda kisan da sojan ƙasar ke yi musu. Daga 2018 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga yi musu rajista tare da Gwamnatin Bangaladesh, da hoto da yatsu, don a ba su katin karɓar abinci da magani. Cikin Yuni 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa Bangaladesh ta miƙa wa Gwamnatin Myanmar sunaye aƙalla 830,000 tare da bayanansu, wai don a tantance waɗanda za su iya komawa. Watau an kai sunan mai gudu hannun wanda ya kore shi. Hukumar ta musanta laifi, ta ce an tambayi kowa ko ya yarda. Amma cikin mutum 24 da ƙungiyar ta yi magana da su, 23 sun ce abin da aka gaya musu kurum shi ne sai da katin za su sami agaji. Rasidin da aka ba su, mai ɗauke da gurbin da ke nuna sun yarda ko ba su yarda ba, da Turanci kaɗai aka buga shi.

Ko da an ɗauka kowane jami'i ya yi tambayar kamar yadda aka umurce shi, me ya rage? Mutum ne da yunwa, yana tsaye cikin layi, 'ya'yansa na jira, an ce masa ya yarda ko bai yarda ba. In ya ce a'a bai san abin da zai same shi ba. Irin wannan na'am ba ta da nauyin da za a jingina amana a kanta. Duk malamin da ya taɓa riƙe hannun tsoho ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ba ya san abin da mu ke nufi.

Kada kuwa a ce wannan labarin mutanen Asiya ne. Cikin 2019 'yan bindiga su ka kori mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina fiye da 40,000 su ka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, daga baya aka tsugunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma hukumar nan ta ɗauki yatsunsu. A can mu ne baƙi. Abin da ya sami Kenya ya isa ya sa mu yi tunani a kansu. Lokacin fari, iyaye 'yan Kenya 'yan ƙabilar Somali da ke zaune kusa da sansanin Dadaab sun riƙa rubuta 'ya'yansu cikin 'yan gudun hijira don su sami tsaba. Da yaran su ka girma su ka je neman katin ɗan ƙasa, na'ura ta duba yatsunsu ta ce baƙi ne. An ƙiyasta mutum wajen 40,000 su ka maƙale haka, ba aiki, ba asusu, ba tafiya, har cikin 2025 Babbar Kotu a Garissa ta ba da umurni a gyara. Kan iyakar Jibiya da Maraɗi gida ɗaya ya kan kasu kashi biyu, wa yana nan, ƙane yana can. Yaron da aka ɗauki yatsunsa a gefe guda yana da shekara bakwai, ya kamata a san tun yanzu abin da na'ura za ta ce da shi in ya kai ashirin a ɗaya gefen.

Akwai kuma abin da tarihinmu ya koya mana game da yadda iska ke juyawa a kan baƙo. Cikin Nuwamba 1969 Gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutanenmu na zango da yawa su ka bar gidaje da rumfuna. Cikin Janairu 1983 mu ma mu ka yi haka, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu su ka fita, rabinsu 'yan Gana, akwai kuma 'yan Nijar da Chadi da yawa. A wancan lokaci ba wani jerin sunaye mai adireshi da hoto. Wanda ya daɗe, ya yi aure, ya haifu, sau da yawa unguwa ta kan rufa masa asiri. In irin wannan umurni ya sake fitowa, Allah ya kiyaye, rajistar da aka kira mutane su yi bisa alkawarin afuwa ita ce za ta nuna ƙofar kowa. Ba mu ce akwai mai wannan niyya ba. Amma gwamnati ta kan sauya, rajista kuwa tana nan. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. Yarjejeniyar 1979 ita ce ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza, kuma ko da ya ke a ranar fitar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar har sai an ji sabon bayani, abin da dā haƙƙi ne ya koma alfarma.

Kuskure ma kaɗai ya isa. Cikin Janairu 1980 jami'an shige da fice su ka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, su ka kai shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne. Wannan babban mutum ke nan, mai jam'iyya da lauyoyi. Ina ga wanda aka haifa a Rogo, ubansa ya zo daga Tasawa shekara arba'in da su ka wuce, uwarsa kuwa 'yar gari ce, wanda yaron shagon kwamfuta ya danna masa Nijar a gurbin ƙasa don ya ji ana kiran gidansu gidan Buzu?

Me doka ta ce? Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya, amma 'yan ƙasa ya ambata. Dokar Kare Bayanan Jama'a wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin Yuni 2023 ta fi faɗi, gama ta shafi duk bayanin da aka sarrafa cikin Nijeriya, ba ta tambayi mai shi ko ɗan ina ne ba. Ta ce a gaya wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, kada a karɓi fiye da bukata, kada a riƙe fiye da lokacin da ya dace, kada a yi amfani da shi ta hanyar da ta saɓa wa dalilin farko. Ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma mai karɓa shi zai kawo hujjar an yarda. Zanen yatsu da ƙabila da addini da lafiyar jiki ta sa su cikin bayanai masu tsanani. Mutum na da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a gyara in da kuskure. In bayani ya zube, a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'a 72. Tara kuwa ga manyan masu riƙe bayani tana kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda duk ya fi yawa. Gaskiya ne dokar ta sassauta wa hukumomi in aikin na tsaron ƙasa ne ko binciken laifi, ma'aikata da yawa kuwa nan su ke tsayawa da karatu. Su ƙarasa. Sassaucin bai ɗauke musu ƙa'idodin da mu ka zana na dalili da iyaka da lokaci ba, bai kuma ɗauke musu wajibcin ba da labari in bayani ya zube ba.

Dokar ba ta wasa ba ce ga manya. Cikin Agusta 2024 Hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, ko da ya ke bankin ya ce bai yi laifi ba. Amma cikin shekarar nan ce kuma asiri ya tonu. Cikin Maris 'yan jaridar FIJ su ka nuna wani shafin intanet mai suna XpressVerify yana fito da bayanin mutum na NIN a kan Naira 200. Cikin Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi takardun NIN a wani shafin, AnyVerify, a kan Naira 100, har da ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban Hukumar Kare Bayanan kansa, Dokta Vincent Olatunji. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, in ba a fasa rumbu ba, hatsi kuwa ga shi a kasuwa, sai a dubi waɗanda aka ba mabuɗi. Cikin Disamba 2020 kaɗai kamfanoni 173 aka ba lasisin yi wa jama'a rajista, kowane kuma da yaransa a garuruwa da ƙauyuka. Minista in an sayar da bayaninsa sai ya kira taro. Ɗan ci-rani wanda takardarsa ba ta cika ba, wa zai kai wa ƙara? Ofishin da zai je yana tsoron daga can a wuce da shi kan iyaka, saboda haka ya kan haɗiye. Mazambata kuwa sun san haka.

Nan ne maganar ta iso teburinku, ku malaman ofis na ƙananan hukumomi da na hakimai, magadan aikin En'e, da ku malaman makaranta. Babban rumbun yana Abuja, amma bakin da bayani ke shiga yana hannunku, ko yana shagon da ke kallon ofishinku. Kowa ya ga yadda a ke yi. Ana ɗaukar hoton takardar mutum da wayar hannu a tura wa wani ta WhatsApp don ya ƙarasa aikin, hoton kuwa ya zauna cikin wayar har ranar da za a sayar da ita. Fom ɗin da aka cika aka gama da shi ya kan ƙare wajen mai ƙosai, da suna da lamba da hoto a jikinsa. Wani ya zo ya ce shi jami'i ne, ko ɗan gidan wane ne, yana son jerin baƙin da ke unguwa kaza, a miƙa masa don kunya. Tun da JAMB ta wajabta NIN cikin 2021, takardun ɗalibai ma su kan taru a hannun malami, cikinsu har da 'ya'yan baƙi, doka kuwa ta ce bayanin yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Ko ɗaya cikin waɗannan ba a yinsa da mugun nufi. Sakaci ne, amma wanda zai biya kuɗinsa shi ne wanda ba shi da kowa a gari.

Gyaran wani sashe ba ya bukatar kasafi. Akwati mai kwaɗo, da ashana ta ƙone fom ɗin da aka gama da shi, da goge hoto daga waya a gaban mai shi. Sa'an nan ƙaramin littafi wanda duk mai neman ganin sunayen mutane zai rubuta sunansa da ofishinsa da dalilinsa, ya kuma nuna takardar da ta aiko shi. Wanda ya zo da gaskiya ba zai ƙi sa hannu ba. Kafin a danna gurbin ƙasa a karanta wa mutum abin da aka rubuta, da Hausa, a ji amsarsa, gama gyaran harafi ɗaya daga baya tafiya ce da kuɗi da kwanaki. Dagatai da masu unguwanni su ma ya kamata a tuna musu cewa sanin baƙo don zaman lafiyar gari aikinsu ne na asali, amma jerin da su ka tara don wannan ba na ɗan siyasa ba ne ran zaɓe, ba na mai bin bashi ba ne.

Ɗaya sashen kuwa na Gwamnati ne. Muna roƙon Hukumar Shige da Fice da NIMC su fitar da shafi ɗaya tak, da Hausar boko da ajami da Faransanci, wanda zai faɗi abu huɗu a fili: wa ke riƙe da bayanin baƙo, shekara nawa, waɗanne hukumomi na gida da na waje ke iya gani, kuma ina mutum zai kai kuka ba tare da an fara tambayarsa takardar zama ba. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi, gama in ba shi sauran ukun ado ne. Nijar na da tata dokar kare bayanai tun 2017, saboda haka akwai ofishin da za a zauna da shi a kan mutanenmu da ke Maraɗi da nasu da ke nan, ko da siyasa ta yi tsami. In shafin ya fito, kada a manna shi bangon sakatariya a tafi. A ba malaman makaranta da na dagatai su karanta shi da ƙarfi ran kasuwa, a Rogo da Ƙaraye da ƙauyukansu, cikin watannin rani, gama ran nan ce 'yan ci-rani ke barin fadama su shigo gari.